Kafin ka zuba kuɗi a farin ɗawisu, ji abin da ya same ni

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni dai ba marubuci ba ne, ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya koma bayan gida yana fama da kaji da zabi da tattabaru, sai kuma ɗawisu da na shafe shekara tara ina kiwo. Abin da ya sa na ɗauko waya na zauna rubuto muku wannan doguwar wasiƙa shi ne wani bidiyo na farin ɗawisu da yake ta yawo a WhatsApp, ni kaɗai sau huɗu aka turo min, wani ya rubuta a ƙasa wai tsuntsun Aljanna ne, wani ya ce sau ɗaya yake bayyana a shekara ɗari, wani kuma ya ce duk wanda ya gani ya tura wa mutum goma zai ga buɗi. To da a nan abin ya tsaya da ban ce komai ba, ai mun saba. Amma satin da ya wuce sai ga wani yaron maƙwabcina ya yi min sallama wai maigidansa ya gama sabon gida yana son farin ɗawisu guda biyu a tsakar gida, an faɗa masa kuɗin da ko ni da nake cikin harkar sai da na riƙe baki, kuma 'yan tsaki ne za a ba shi, ba manya ba. Nan na ce a'a, ramin da na faɗa gara in yi ihu kafin wani ya bi ni ciki.

Mu da muka taso a da, tsuntsun Makka muke ce masa. Galibinmu ba mu taɓa ganin tsuntsun ba, gashinsa kawai muka sani, wanda ake sakawa a tsakiyar Alƙur'ani ko cikin littafi a matsayin alamar inda aka tsaya, kuma akwai ƙaryar da muke wa junanmu a makarantar allo cewa in ka zuba masa garin alli ka rufe ka bar shi kwana bakwai ba ka leƙa ba zai haihu. Na zuba alli har na gaji wallahi bai haihu ba. Kalmar ɗawisu kanta daga Larabci muka samo ta, su suna cewa ɗawus, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da muka jingina shi da Makka, duk abin da ya biyo hannun alhazai da fatake daga gabas ai na Makka ne a wajenmu. Amma asalin gidansa Indiya ne da Siri Lanka da Fakistan da Nefal, can yake yawo a daji da gonaki da bakin ƙauyuka kaman yadda zabin daji suke yi a nan. Indiya ma a 1963 ta ayyana shi a matsayin tsuntsun ƙasa, kuma dokar kare namun daji da suka yi a 1972 ta haramta kashe shi. Mu kuwa namu adon sarautar ai gashin jimina ne, a figini da takalmin sarki, shi ɗawisu baƙo ne da ya shigo ya samu wuri a gidajen sarakuna da masu hali.

Wanda muke gani a nan, kusan duk wanda ka taɓa gani a gidan wani Alhaji ko a gidan zu, shi ne shuɗin na Indiya. Namijin wuyansa shuɗi ne mai sheƙi kaman an shafa masa mai, ga tukku a ka kaman ƙaramin mafici, ga farin zane sama da ƙasan ido kaman wanda ya sha kwalli ya zagaye da hoda, fuka-fukansa kuma masu zane-zane ne baƙi da ruwan ƙasa, in ya tashi sama sai ka ga wasu gashin ja-ja ruwan kunun kanwa a gefen fiffike da ba a ganinsu in yana tsaye. Nauyinsa kilo 4 zuwa 6, daga baki zuwa ƙarshen gashin nan nasa kuwa yakan haura mita 2. Macen ita ba ruwanta da wannan hidima, ruwan ƙasa ce da farin ciki (ina nufin cikinta fari ne, ba murna ba) sai ɗan kore a wuya, kuma ba ta da doguwar jela. Baƙi da yawa in sun zo gidana sai su nuna ta su ce wannan kuma wace irin talo-talo ce. Amma wannan rashin adon shi ne rufin asirinta, don a ƙasa take yin ƙwai, ta ɗan tona rami a cikin ciyawa ko ƙarƙashin wani duhu ta kwanta, in da tana da ƙyalƙyalin mijinta da tuni muzuru da kare sun gama da ita.

Akwai abin da sai ka zagaya bayan namijin lokacin da ya buɗe za ka gane. Wannan dogon gashin mai idanu da kowa ke ce wa jela, ba ita ce jelar ba. Gashin gadon baya ne da ke saman jela ya yi tsawo haka, guda wajen 200, mafi yawansu kowanne da idonsa a ƙarshe. Ainihin jelar gajeriya ce, ruwan ƙasa, mai tauri, ita ce take tokare su daga baya kaman yadda ake tokare zana da itace. In ka tsaya a bayansa abin har dariya yake ba ni, duk wannan sarautar da ake gani ta gaba, ta baya sai ka ga wani tulin gashi mai laushi kaman auduga da fuka-fukai suna ta rawa sama da ƙasa. Kuma ba buɗewa kawai yake ba, in macen ta matso sai ya juyo ya fuskance ta ya karkaɗa gashin gaba ɗaya, ka ji wani shhhh kaman iska ta shiga gonar dawa da ta bushe, sandunan gashin suna ta kaɗawa amma idanun suna nan kaman ba sa motsi. Ita kuwa gimbiyar sau tari ko kallo bai ishe ta ba, sai ta ci gaba da tsince-tsincenta. Nawa har wa agwagwa yake buɗewa, ranar nan ma buta ya samu a bakin rijiya ya tsaya yana mata.

Turawa sun sha wahalar wannan gashi. Darwin, wani Baturen Ingila masanin halittu, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1860 cewa ya yi duk lokacin da ya kalli gashin jelar ɗawisu sai ya ji ransa ya ɓaci, don ya rasa yadda zai bayyana amfanin kaya mai nauyi haka ga tsuntsun da damisa ke farauta. Daga baya wata mai bincike, Marion Petrie, ta zauna tana lura da ɗawisun da ke sake a gandun Whipsnade a Ingila, ta fito a 1991 ta ce matan sun fi zaɓen namijin da ya fi yawan idanu a gashinsa. Sai kuma wasu 'yan Japan da suka yi shekara bakwai suna nasu binciken suka fito a 2008 suka ce su ba su ga haka ba. Ni dai a tsakar gidana abin da na gani shi ne macen tana da wanda take so, kuma ba ta taɓa yi min bayani ba.

Gashin nan ba ya cika sai namiji ya kai shekara uku zuwa sama, kuma duk shekara in lokacin barbara ya wuce sai ya zubar da shi kaf, a nan wajena wajen ƙarshen damina ne, ka tashi da safe ka tarar da guda biyar nan, goma can, cikin 'yan makonni ya koma kaman wani babban zakara mara jela yana ta rakuɓe-rakuɓe. Shekarar farko da na ga haka hankalina ya tashi na ɗauka ciwo ne, har na kira likitan dabbobi ya zo ya yi min dariya. Saboda haka duk mai son gashin ɗawisu ba sai an yanka ko an fige shi ba, haƙuri kawai za ka yi ya ba ka da kansa, ni yanzu jikokina ne suke tsincewa suna rabawa a islamiyya.

Kafin in zo kan farin sai na faɗi wani abu game da launin, don shi ne zai sa a gane maganar. Wannan shuɗi da kore da ruwan zinare da muke gani, ba rini ba ne a jikin gashin irin na baba da ake rina shadda. Ainihin sinadarin launin da ke ciki baƙi-baƙi ne ruwan ƙasa. Wasu 'yan mitsi-mitsin layuka ne da ido ba ya gani aka jera su a jikin kowane silin gashi, in haske ya sauka a kansu sai ya dawo da launi, irin dai yadda bayan faifan CD yake yi, ko in man fetur ya zube a kan ruwa. Duk mai gashin a gida ya gwada, ka juya shi a rana za ka ga shuɗin yana komawa kore, ka ɗaga shi ka sa hasken ya fito ta bayansa sai ka ga ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Ikon Allah kenan.

To farin ɗawisu shi wannan sinadarin ne ba ya zuwa gashinsa, shi ya sa babu abin da zai dawo da shuɗi ko kore, sai fari tas. Shikenan sirrin. Ba wani jinsi ne daban ba, ba daga wata ƙasa ta daban yake ba, ɗan gidan shuɗin Indiya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, in ka haɗa su suna barbara su haihu lafiya lau. In ka matsa kusa da shi lokacin da ya buɗe, rana ta ɗan karkata, za ka ga alamar idanun nan a jikin gashin fari a kan fari kaman aikin saƙar leshi, wallahi abin yana da kyau, ba zan ce ba shi da kyau ba, ni ma kyan ne ya ja ni. Mutane suna ce masa zabiya amma masu ilimin abin sun bambanta su, zabiya ta gaskiya a tsuntsaye idonta ja ne ko ruwan hoda don babu sinadarin ko'ina a jikinta, shi kuwa farin ɗawisun da ake sayarwa duba idonsa za ka gan shi shuɗi-shuɗi mai duhu. A daji da wuya ka gan shi don fari a cikin ciyawa ai kiran mafarauci ne, amma a hannun masu kiwo ba wani abin al'ajabi ba ne, gado ne da ake iya shiryawa. Fari da fara 'ya'yansu duka farare ne. Fari da shuɗiya 'ya'yan sukan fito da kamar shuɗi, sai 'yan fararen gashi a fiffike ko maƙogwaro da ke nuna suna ɗauke da gadon, in ka haɗa irin waɗannan biyun kuma to a lissafi cikin 'ya'ya huɗu ɗaya zai zo fari. Ka ga kenan maganar shekara ɗari ba ta taso ba.

Yanzu ga abin da ya same ni. Shekara shida da suka wuce na je wata kasuwar tsuntsaye, ba zan faɗi gari ba balle sunan mutumin, ya jawo ni gefe ya buɗe wani kwali ya nuna min 'yan tsaki biyu ruwan ɗorawa mai haske, ya rantse min farare ne. Ni kuma na riga na ji cewa farin ɗawisu ba fari yake fitowa daga ƙwai ba, ruwan ɗorawa yake fitowa kaman ɗan tsakin gidan gona sannan ya rikiɗe, to wannan rabin ilimin shi ya kai ni ya baro. Na ƙirga masa kuɗin da zai saya min ragon layya mai kyau har da canji, na rungumo kwali a mota kaman na ɗauko jariri, uwargida tana ta faɗa ina ce mata ke dai bari ki gani. Wata uku, wata huɗu, sai na fara ganin ɗigo-ɗigon baƙi a bayan ɗaya, na ce datti ne. Kafin shekara ta zagayo wuyansa ya fara shuɗi. Ashe akwai wani launi a cikin na Indiya da masu kiwo ke kira mai baƙar kafaɗa, shi ma 'yan tsakinsa haka suke fitowa da haske kaman madara, namijin in ya girma sai ya koma shuɗi da fuka-fukai baƙi wuluk mai sheƙi maimakon masu zane, macen kuma ta tsaya fari-fari da yayyafin baƙi da ruwan ƙasa a baya kaman an watsa mata toka. Su aka sayar min. Da na koma wajen mutumin sai ya ce ai shi ma haka aka ba shi, kuma wai ruwan garinmu ne ya canza su. Har yau in uwargida tana son tsokanata sai ta leƙa taga ta ce Malam ga farin ɗawisunka can yana cin tumatirina.

Abin da na koya daga baya, in an kawo maka 'yan tsaki an ce farare ne, buɗe fiffiken ka duba gashin da ya fara tsirowa. Na fari na gaskiya fari ne sol, na mai baƙar kafaɗa kuwa za ka ga ya ɗan surka da ja-ja ko ruwan ƙasa. Wanda ya fi wannan ma, ka ce a kai ka ka ga iyayen da idonka, in an fara yi maka kwana-kwana ana cewa suna wani gari ka kama gabanka. Ko kuma ka haƙura ka sayi wanda ya shekara. Kuma a sani farare tun suna ƙanana gane mace da namiji a cikinsu aiki ne, don babu launin da zai nuna, mutum sai ya yi shekara biyu yana ciyar da maza biyu yana jiran ƙwai.

Haka ma masu cewa suna da ɗan Jawa, a yi hattara. Gaskiya ne akwai jinsi na biyu, koren ɗawisu, wanda yake ƙasashen Bama da Tailan da Kambodiya da Biyetnam da tsibirin Jawa na Indunusiya da kudancin Sin. Ya fi na Indiya tsayin ƙafa da wuya, wuyan kore ne da ruwan zinare an jera kaman ɓawon kifi, tukkunsa a tsaye yake a haɗe kaman tsinken mashi maimakon mafici, macensa ma kusan adonsu ɗaya da namijin in ka cire dogon gashin. Sarakunan Bama na da shi ne tambarinsu. Amma yanzu ya yi ƙaranci ƙwarai saboda sare daji da farauta, tun 2009 aka saka shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma fataucinsa tsakanin ƙasashe sai da takardu. Ga faɗa, masu kiwonsa suna cewa yakan tasam ma mutum, ga shi ba ya son sanyi. Yawancin abin da ake tallatawa da sunansa ruwa biyu ne tsakanin kore da shuɗi, wanda ake kira Spalding, sunan wata mata a Kalifoniya ta Amurka da ta yi suna wajen haɗa su.

Jinsi na uku shi ne ya fi ba ni sha'awa kuma shi ne na tabbata yawancin masu karatu ba su taɓa ji ba, wato mu ma nan Afirka muna da namu ɗawisun, a cikin dajin Kwango ta Kinshasa, ba a samunsa ko'ina a duniya sai can. Labarin yadda Turawa suka san da shi kaman tatsuniya. Wani Ba'amurke masanin tsuntsaye, James Chapin, yana aiki a dajin Ituri a 1913 sai ya ga wani gashi a jikin hular wani mutumin wurin, ya karɓa ya duba ya rasa na wane tsuntsu ne, ya adana shi. Sai bayan shekara ashirin da wani abu, yana gidan tarihi na Tervuren a Beljiyam, ya ci karo da wasu busassun tsuntsaye biyu an jingine su gefe an rubuta musu sunan ɗawisun Indiya bisa kuskure, yana duba fiffiken ya ga gashinsa ne sak. A 1936 ya bayyana wa duniya shi. Na ce Turawa suka san da shi don mutanen dajin ai sun daɗe da saninsa, suna da sunansa a yarensu, suna kama shi a tarko, har hula suke wa ado da shi. Ƙarami ne, bai wuce santimita 70 ba, ba shi da dogon gashin nan mai idanu, namijin shuɗi ne mai duhu da kore, maƙogwaronsa ja ne babu gashi, ga wani farin tukku tsaye kaman burushi, macen kuma ja-ja ce da koren baya. Kuma shi mace ɗaya yake riƙewa, ba kaman na Indiya ba da yake tara uku zuwa biyar. Duk wanda ya ce zai kawo maka wannan a kwali to ka san da wa kake magana.

Sai maganar hali, don masu sayarwa ba sa faɗa. Malam Edita ɗawisu yana da kuka. Ba irin carar zakara ba, wani ihu ne kaman mage da jariri sun haɗa baki a lasifika, kuma lokacin barbara ba dare ba rana, ƙarfe biyun dare in babur ya wuce ko an buga ƙofa sai ya amsa. A Indiya suna cewa in ya fara wannan kukan ruwa ya kusa, a nan ma nawa daga bazara yake farawa ya ratsa damina. Kakata takan ce wai ƙafarsa yake kallo ya ga muninta sai ya fashe da kuka, kuma gaskiya ƙafar ba ta yi kama da mai ita ba, toka-toka ce mai kaushi da wani tsini a baya irin na zakara wanda yake faɗa da shi. Maƙwabcina na gabas sai da muka kai ga zama gaban mai unguwa a kan wannan kuka, yanzu dai mun shirya, duk shekara ina aika wa 'ya'yansa gashi. Yana tashi sama kuma, kar dogon gashin ya ruɗe ka, da magariba fir yake hayewa kan bishiya mafi tsayi ko kan kwano ya kwana, da asuba ka ji shi yana takawa a kan rufi kaman ɓarawo. In ya ga kansa a jikin mota mai sheƙi, musamman baƙa ko shuɗiya, ɗauka yake wani namijin ne ya shigo masa, ya dinga sara da tsalle har ya kankare fenti, na biya kuɗin fentin ƙofar motar wani baƙona da hannuna. Shuka kuwa in kana da latas ko alayyahu ko tumatir to ka yi musu shinge ko ka yafe.

Amfaninsa ɗaya da ba zan ɓoye ba, mai gadi ne, baƙon mutum ko kare ba ya shigowa bai sanar ba, kuma yana cin ƙwari da fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Na taɓa ganin nawa ya tsare wani ɗan maciji a gindin lemo yana zagaya shi yana sara har ya gama da shi ya haɗiye. Amma kar wani ya saya don ya kore masa gamsheƙa, ban ba da wannan shawarar ba.

Abin da ya fi damuna, wanda shi ne ma dalilin wasiƙar bayan maganar damfara, shi ne yadda nake ganinsu a wasu gidaje da otal-otal da wuraren biki, an cusa namiji mai gashin mita ɗaya da rabi cikin kejin da ko juyawa ba ya iya yi, gashin duk ya kakkarye ya yi dauɗa yana jan kashi, ƙasa siminti, rana ta doke shi daga safe har yamma, abinci kuma ragowar shinkafar biki. Farin ma ya fi ban tausayi don shi datti kaɗan sai ya koma ruwan ƙasa. Tsuntsun da zai iya shekara ashirin a hannun mai kula da shi sai ka ji ya mutu a shekara biyu, a ce wai kambun baka ne ko iskar gidan ba ta karɓe shi ba. Wallahi ba baki ba ne. Yana son fili da inuwa da ƙasa da zai yi birgima a ciki, da sanda mai tsayi da zai hau ya kwana gashinsa na reto bai taɓa ƙasa ba. In sabo ne ka tsare shi wata biyu ko uku a babban ɗaki mai raga har ya san nan ne gida kafin ka sake shi, in ba haka ba ranar da ka buɗe ranar zai haye katanga, sai dai ka ji labarinsa a wata unguwa.

Ƙwai kuwa macen takan yi 4 zuwa 8, kwancinta kwana 28, kusan daidai da na zabi, shi ya sa dabarar da iyayenmu suke yi ta saka wa kaza ƙwan zabi tana aiki a nan ma, ni kazar gida nake ba wa guda uku ko huɗu don sun fi nata girma, tana kwanciya ta ƙyanƙyashe abinta ta riƙe su kaman nata, sai dai ka gan ta tana mamaki in sun fi ta tsayi. 'Yan tsakin ba sa son sanyi ko jiƙa, kuma gero da dusa kaɗai ba sa riƙe su, suna son abinci mai gina jiki, sitata (abincin 'yan tsaki na buhu) mai kyau, dafaffen ƙwai, da gara irin yadda ake ɗebo wa 'yan zabi, da ɗan ganyen zogale. Sannan a kula da tsutsar ciki, akwai wata cuta da kaji suke ɗauke da ita su ba ta cika kayar da su ba amma in ta kama ɗawisu ko talo-talo hanta take ci, za ka ga ya saki fuka-fuki yana zawo ruwan ɗorawa, na rasa guda uku a damina ɗaya kafin in gane cewa tsohon wurin kajina da na zuba su a ciki shi ne matsalar. A tuntuɓi likitan dabbobi a kan lokacin ba da maganin tsutsa, kar a dogara da mai shagon da zai ba ka duk abin da ke gabansa.

Roƙona gare ku Malam Edita, dan Allah a shafinku na noma da kiwo ku samu likitan dabbobi ko wani daga jami'a ya yi mana cikakken bayani a kan kiwon irin waɗannan tsuntsayen ado, da hotuna, musamman hoton ɗan tsakin fari kusa da na mai baƙar kafaɗa, don mutane suna zuba kuɗi sosai a harkar nan ba tare da sun san komai ba. Shi kuma yaron maƙwabcina na ce ya koma ya faɗa wa maigidansa ya fara zuwa gidana ya kwana ɗaya a ɗakin baƙi ya ji kukan tukuna, in ya tashi da safe har yanzu yana so to sai mu je tare in duba masa fiffiken. Har yau dai bai zo ba. Farin na gaskiya kuwa daga baya na samu mace guda ɗaya, babba na saya wannan karon, yanzu haka tana can bayan tankin ruwa a kan ƙwai biyar, yau kwananta 19.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai kiwon tsuntsaye, daga Zariya